Awon Jariri Mai Shan Nono

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan gaskiya ne a kasuwar hatsi, amma wajen jariri mai shan nono ido yakan ruɗi mai shi. Uwa tana duban ɗanta safe da yamma, saboda haka ramar da take shigowa sannu sannu ba ta ankara da ita sai ta yi nisa. Abin da yake tona asirin irin wannan rama tun da wuri shi ne sikeli da katin awo. Mu kuwa malamai da akawuna, tun da rajista da lissafi su ne sana'armu, mu ya fi kamata mu iya karanta wannan kati a gidajenmu da na maƙwabtanmu.

Da farko sai mu san yadda lafiyayyen jariri yake girma. Yawancin jarirai ana haihuwarsu da nauyin kilo 3 ko kusa da haka, wanda ya kasa kilo 2.5 kuwa yana bukatar kulawa ta musamman. A kwanakin farko nauyin jariri yakan ragu, har ya kai kashi 7 cikin 100, wani lokaci kusan kashi 10. Watau idan an haife shi da kilo 3 aka iske shi da kilo 2.8 kafin ranar suna, ba abin tsoro ba ne, muddin ya komo kan nauyinsa na haihuwa cikin kwana 14. Daga nan yakan ƙara giram 150 zuwa 200 kowane mako a watanni 3 na farko. Wajen wata 5 ya ninka nauyinsa biyu, ran da ya shekara kuma ya kusa ninka shi uku.

Shi wannan kati yana da tarihi a ƙasarmu. A ƙarshen shekarun 1950 wani likita Bature, Dokta David Morley, yana aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa, ya tsara katin da ake ɗiga nauyin yaro wata bayan wata, a haɗa ɗigogin su zama layi, uwa kuma ta riƙe katin a hannunta. Daga baya dabarar ta bazu cikin ƙasashe masu yawa. Hikimar da ke ciki ita ce, awo guda ɗaya ba ya ba da labari, inda layin ya nufa shi ne abin dubawa. In yana hawa, alhamdu lillahi. In ya miƙe bai hau ba daga wannan awo zuwa na gaba, gargaɗi ke nan. In kuwa ya sunkuya ƙasa, to, a kai yaro asibiti ba tare da jinkiri ba. Ɗan ƙaramin jariri wanda layinsa ke hawa ya fi kwantar da hankali bisa ga ƙato wanda nasa ya tsaya.

Har wa yau akwai wani gyara da aka yi. Ma'aunin da aka daɗe ana gwada yara da shi tun 1977 an gina shi ne a kan yaran Amurka, waɗanda yawancinsu madarar gwangwani suka sha. Mai shan nonon uwa kuwa yakan yi saurin ƙaruwa a watannin farko, sa'an nan ya rage sauri, har a zaci nono bai ishe shi ba. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara wajen 8,500 a ƙasashe 6, har da Gana, daga 1997 zuwa 2003, ta fito da sabon ma'auni a 2006, wanda ya mai da mai shan nono shi ne abin gwaji.

To, me ke tsai da layin? Sau da yawa ruwa ne, ko kunu da ake ɗura wa jariri don tausayin zafin bazara. Ruwan yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu, ga kuma gudawa in ruwan ba shi da tsabta. Alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Saboda haka tun 2001 shawarar Hukumar ita ce nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Dakashi ma, watau nonon farko mai kauri, kada a zubar da shi, gama rigakafi ne ga jariri.

Tsakanin awo da awo akwai alamun da kowa zai iya lura da su. Jariri sabon haihuwa ya sha nono sau 8 zuwa 12 cikin dare da rana, ya yi fitsari sau 6 ko fiye bayan kwana 5, ya saki nono da kansa in ya ƙoshi. Awo kuwa sau ɗaya a wata ya isa, a tuɓe masa kaya, in da hali a kan sikeli guda. Ranakun allurar rigakafi, watau mako 6 da 10 da 14, lokatai ne masu kyau na yin awo.

Roƙonmu ga 'yan'uwa malamai shi ne, duk ran da aka komo daga awo maigida ya karɓi katin ya duba, ya bayyana wa uwargida da kakar yaro ma'anar layin, ya kuma adana shi kamar yadda yake adana littafin ofis. Akawun da ba ya yarda kwabo ya ɓace masa a lissafi, bai kamata nauyin ɗansa ya ɓace bai sani ba. Allah ya raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya, amin.