Baƙar hodar da muke zubarwa a Tudun Wada

A makon jiya na kai fankata gyara wurin wani mai naɗin waya a Tudun Wadan Zariya. Ina zaune ina jira, sai na hangi wasu yara 'yan jari-bola suna ƙona tsofaffin wayoyin lantarki domin su raba jan ƙarfen da robarsa. Da wutar ta mutu suka kakkaɓe wayar, wata baƙar hoda ta zube ƙasa, suka tattake ta suka tafi wajen mai sikeli.

Wannan hodar ce ta hana ni sakat. In aka cire toka da kunkunniyar robar, abin da ya rage tsatsar jan ƙarfe ce, wadda masana kimiyyar haɗa sinadarai ke rubutawa CuO. Tana samuwa ne idan jan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin cikin zafi. Ba ta narkewa a ruwa, wuta ma sai ta haura digiri 1,300 kafin ta narkar da ita, amma da an zuba mata ruwan batir sai ta narke, ruwan ya koma shuɗi. Tana da 'yar'uwa ja, Cu2O, wadda ake samu idan zafin ya wuce digiri 1,000. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin gwaji na asibiti sun san ta sarai, domin ita ce jan da ke kwantawa a kwalba idan an dafa fitsarin mai ciwon sukari da ruwan Benedict.

Haɗa ta a ɗakin bincike ba wani aiki ba ne mai wuya. A zuba soda mai ƙuna cikin ruwan sinadarin jan ƙarfe mai launin shuɗi, wani shuɗin dasƙari zai kwanta. A ɗumama shi, ya rikiɗe baƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne girman ƙwayar hodar, domin gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon saurin aikinta, kuma zafin da aka gasa ta da shi ne ke yanke wannan.

Me ya sa za mu damu? Duka biyun suna wuce lantarki rabi da rabi kamar silikon, shi ya sa ake gwada su wajen ƙera farantin sola mai araha. Manoman koko a kudu suna fesa jar domin maganin ruɓewar 'ya'yan itacen. A 1986 Bednorz da Müller suka gano a Zurich cewa wani haɗi mai ɗauke da tsatsar jan ƙarfe yana wuce lantarki ba tare da asara ba in an sanyaya shi ƙwarai. A 1987 aka ba su kyautar Nobel.

Mu ma ba baƙin jan ƙarfe ba ne. Ibn Battuta ya ziyarci Takedda a 1353, ya ba da labarin yadda ake kai sandunansa Gobir da Borno. Yau kuwa a buhu muke loda shi zuwa Legas, bayan yaranmu sun shaƙi hayaƙin roba mai guba, sannan ɗalibanmu su sayi hodar a kwalba da kuɗin waje.

Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, duk a garin nan. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba: a samar wa yaran nan injin ɓare waya su daina ƙonawa, ɗaya daga cikin cibiyoyin kuma ta riƙa sayen kilo kaɗan tana haɗa wa makarantun sakandaren jihar Kaduna hodar gwajinsu.