An Yi wa “Mayya” Sabon Suna

Ranar addu'ar arba'in ta wani ɗan'uwanmu a zangon Yendi, bayan malamai sun shafa fatiha an raba goro da masa, dangi suka koma zaure don maganar abin da mamaci ya bari. Gida ne mai ɗaki shida, da babur, da gonar doya. Aka yi ta lissafi, kason wane kaza, na wane kaza, ba wanda ya tuna da matar da ke ƙuryar ɗaki tana takaba. Sai 'yar ƙanwata, wadda malamar makaranta ce, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, “Kawu, a gafarce ni, ban ji an faɗi tumunin Inna ba.”

Wani saurayi da ke gefe yana danne-dannen waya, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, “To fa, feminis ta iso.” Zaure ya kwashe da dariya. Babban cikinmu ya kaɗa mata hannu ya ce, “Tashi ki ba mu wuri, 'yar nan. Wannan karatun naku na Ankara ba a nan ake yin sa ba.” Ta tashi ta fita. Ina zaune a wurin, ban ce uffan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Tumunin matar da mijinta ya mutu ya bar 'ya'ya yana cikin Suratun Nisa'i, kowa a zauren nan ya san haka. Amma da kalma ɗaya tak aka mai da hukuncin Alƙur'ani ya zama kayan aro daga Turai.

A kan wannan kalma nake son in ja kunnenmu. Shekara goma da suka wuce, in ka ce “feminis” a Salaga ko Bawku sai a ɗauka sunan magani ne. Yau yaron da bai gama sakandare ba ya iya jifa da ita. Matar da ta kai ƙarar duka, feminis ce. Yarinyar da ta ce a bari ta gama karatu kafin a ɗaura, feminis ce. Wadda ta karɓi fom ɗin takara kuwa, ita ce uwarsu. Ba mai tambayar me ta ce, gaskiya ne ko ƙarya. Da an liƙa mata sunan, shari'a ta ƙare. Mu kuwa mutanen arewacin Gana mun fi kowa sanin inda irin wannan liƙi yake kai mutum, domin muna da tsohonsa a hannu.

Ranar 23 ga Yuli 2020, a ƙauyen Kafaba da ke Gwanja ta Gabas, ba nisa da Salaga, aka kawo wata bokanya don ta zaƙulo mayu. Ta nuna Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90. Aka zaunar da ita a ƙasa tsakiyar jama'a, ana mari, ana bulala, har rai ya yi halinsa. Duk wanda ya ga hoton bidiyon nan ba zai manta da da'irar mutanen da suka kewaye ta ba, manya da yara, ga mai riƙe da waya yana ɗauka kamar ana wasan sallah. Abin da ya fi ɗaci, hannuwan da suka dake ta na mata ne, kuma mata biyu ne babbar kotun Tamale ta ɗaure shekara goma sha biyu-biyu a Yulin 2023. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ina shafa wa maza kashin kaji. Cutar ba ta zaɓen jinsi. Uwar miji tana jifa da kalmar, kishiya ma haka, har da ƙawa a dandalin WhatsApp na 'yan aji.

Waɗanda suka tsira da rai kuwa, sai ka je Gnani, kusa da Yendi, ka gan su. Akwai irin wannan matsuguni a Kukuo da Kpatinga da Gambaga. Tsofaffi ne galibi, da yawansu zawarawa, a 'yan bukkoki, suna tsintar itace da aikin gonar wasu don su ci. Ana isa da mace sai tindana, mai kula da tsafin ƙasa, ya yanka kaza ya jefar, yadda ta faɗi ta mutu shi ne hukuncin. Ka zauna da su ka ji yadda aka faro. Wannan jikan kishiya ne ya yi zazzaɓi aka ce ya gan ta a mafarki. Waccan mijinta ne ya rasu ta ƙi sakin gona. Wata kuwa kasuwa ce ta karɓe ta fiye da maƙwabta, ko bakinta ya cika kaifi. Ka dubi waɗannan laifuffuka da kyau. Su ne dai ake kiran jikokinsu feminis a kansu yau: riƙe haƙƙi, neman na kai, da ƙin yin shiru. Ban ce an taɓa kashe wata don an kira ta feminis ba. Amma hanyar ɗaya ce, a raba mace da mutuncinta da baki tukuna, yadda duk abin da ya same ta daga baya ba mai tsaya mata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Bayan Kafaba, ƙungiyoyi irin su Songtaba ta Tamale da Cibiyar Sanneh suka matsa lamba, ɗan majalisa mai wakiltar Madina, Francis-Xavier Sosu, ya jagoranci ƙudirin da zai mai da zargin maita laifi. Majalisa ta amince da shi a Yulin 2023. Shugaba Akufo-Addo ya ƙi sa hannu, yana cewa tsarin mulki bai yarda ɗan majalisa ya kawo ƙudirin da zai ɗora wa baitulmali nauyi ba. Haka ƙudirin ya kwanta har wa'adin waccan majalisa ya ƙare a Janairun 2025. Zangonninmu nawa ne suka fito suka yi ƙorafi? Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu muka bar wa 'yan ƙungiya, sannan muka koma gefe muna kiran su 'yan amshin shatan Turawa.

Yanzu bari in ba kowa haƙƙinsa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma masu kiran kansu feminis a Ankara, babban birnin Gana, suna da nasu kason a ɓacin wannan suna. A 2017 wasu mata 'yan boko suka taso a Facebook da sunan Pepper Dem Ministries, wato masu zuba barkono, wasu kuma suka mai da musu martani da Sugar Dem, masu zuba sukari. Ƙurar da ta fi tashi a kan girki ce, wa ya kamata ya dafa wa wa. Aka yi makonni ana wannan a rediyo da talabijin. A lokacin nan 'yan matanmu suna kwana a bakin shaguna a Agbogbloshie da kasuwar Kumasi, suna dakon kaya a kwano, ana ce musu kayayei (rabin sunan ma daga bakinmu aka ara, “kaya”). Yarinyar da ta wuni da buhun doya a ka, me gardamar wanke-wanken matar da ke da mota zai tsinana mata? Ni kaina akwai maganganunsu da dama da ba zan lamunta a gidana ba. Sai ga hayaniyar 2019 kan koyar da ilimin jima'i a makarantu, sai ga ta ƙudirin hana auren jinsi da majalisa ta zartar a Fabrairun 2024. Jama'a suka tattara komai suka yi masa kuɗin goro. Daga nan duk macen da ta buɗe baki kan gado ko duka ko kujera, sai a ce ai tafiyarsu ɗaya da waɗancan.

'Yan siyasa ne suka fi kowa gane amfanin wannan kuɗin goro. Takara da mace mai farin jini tana da wuya, ga tsada. Ɓata ta kuwa araha ne, saƙon murya ɗaya ya isa, a sa wani yaro ya yi shi da Dagbanci ko Kusasanci ko Hausa, kafin la'asar ya zaga gari. Ba za ka ji an ce ba ta iya aiki ba. Za a tambayi ina mijinta, wa ya ba ta kuɗin fosta, me ya sa take kwana a otal a Tamale. Ita kuma ta san tana da 'ya'ya mata da za a nema aure wata rana, sai ta janye, a ce ai mata ne ba sa fitowa. Shi ya sa a zaɓen majalisun gundumomi, wanda shi ne mafi kusa da talaka, matan da ke cin kujera a faɗin Gana ba sa kai biyar cikin ɗari.

Amma a lura, jam'iyya ba ta ƙin mace. Tana son magajiya. Kowace mazaɓa tana da tata, ita ke tara mata, ita ke raba atamfa mai hoton ɗan takara, ita ke kwana a bakin murhu tana dafa shinkafar taro, ita ke rangaɗa guɗa in onarabul ya iso. Kalmar ma tamu ce, duk Gana ta are ta. Muddin tana ɗora wani a kujera, Hajiya ce uwar jam'iyya. Ranar da ta ce to bana ni zan hau, ranar za ta ji sabon sunanta.

A ƙarshen Yulin 2024 majalisa ta zartar da dokar daidaita damar maza da mata, doka mai lamba 1121, bayan shekara da shekaru ana jan ƙafa. Ta sa burin mata su kai kashi 30 cikin ɗari na muƙamai zuwa 2026, daga baya su kai rabi. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka aka yi babban zaɓe, matan da suka shiga majalisa kimanin arba'in ne cikin kujeru 276, kusan yadda suke a da. Gaskiya ne Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaban ƙasa a Janairun 2025, kuma abin alfahari ne. Sai dai doka a takarda ba ta hana zaure dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙaryar da ke ƙarƙashin zagin, wai mace a gaban jama'a baƙon abu ne a wajenmu. Baƙo a ina? A Dagbon, kusa da Yendi, akwai sarautar Gundo Naa, wadda 'yar Ya Naa kaɗai ke hawa, tana da fada da ƙasa da talakawa, maza suna faɗuwa suna gaishe ta. Susanna Al-Hassan tana cikin mata goma da suka shiga majalisa a 1960 zamanin Nkrumah, ta wakilci Arewa, ta kai har minista. A Bawku, Hawa Yakubu ta tsaya ba jam'iyya a 1992 ta kayar da maza, ta sake dawowa a 2000 a inuwar NPP ta riƙe ma'aikatar yawon buɗe ido, har aka riƙa yi mata kirari da mace mai kamar ƙarfe. Ta rasu a Landan a 2007. Iyayen samarin da ke zagin mata a TikTok yau su ne suka dangwala mata ƙuri'a. Salaga ta Kudu ma, ƙasa da wata biyar bayan Kafaba, ta zaɓi Hajiya Zuwera Mohammed Ibrahimah.

Bawku ta yau kuwa ta fi ko'ina buƙatar bakin mata. Tun da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi a ƙarshen 2021, gari yake cikin dokar hana fita. Mata ne ke takaba, su ke neman abin sawa a tukunya in hanya ta rufe albasa ta ruɓe, su ke rainon marayu. Amma in wata ta miƙe ta ce a ajiye bindiga, sai a ce ta zauna, maganar maza ake yi.

Malamaina, Allah ya gafarta muku, da ku nake yanzu, don a bakinku jama'a ke ɗaukar hukunci. Littattafan da fataken goro suka kawo Salaga daga Kano da Sakkwato suna nan a ɗakunanku. A Nurul Albab Shehu Usmanu ya yi kaca-kaca da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa mata masu laƙabin jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Sura guda a Alƙur'ani, Mujadala, sunanta ya samo asali ne daga matar da ta kai ƙarar mijinta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma aka saurare ta. Duk wanda ya hau mumbari ya zagi feminis a dunƙule, bai ware mai neman tumuninta daga mai neman rushe aure ba, ya sani ya miƙa wa macucin marayu sanda. Ku soki abin da ya saɓa wa shari'a da sunansa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan muna roƙon huɗuba guda, ta Juma'a guda, a masallatan Salaga da Yendi da Bawku, a kan haramcin nuna tsohuwa a ce mayya ce.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, ba sai ka shiga wata ƙungiya ba, ba sai ka yarda da matan Ankara ba. In an jefi wata da kalmar nan a gabanka, a zaure ko a waya, ka tsayar da maganar ka ce, “Tsaya tukuna, me ta ce?” Ni ban yi haka ba a Yendi. Sai da Inna ta fita takaba da wata bakwai kafin a ba ta tumuninta, shi ma bayan 'yar ƙanwata ta je ta ɗauko limamin unguwa da kanta.