3.2 Fasalin Gini da Adon Fadar Amber

Wannan sashe zai yi bayani a kan tsarin ginin fadar Amber da irin adon da aka yi mata, domin a gano ko kwaikwayon ginin Mugal ce tsantsa, ko kuwa tana da nata kamannu na Rajput.

Fadar tana bisa tsauni ne a jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, kimanin kilomita 11 daga birnin Jaipur, tana kallon tafkin Maota. Raja Man Singh na ɗaya, sarkin zuriyar Kachwaha kuma ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin Sarki Akbar, shi ya soma gina ta a shekarar 1592. Jai Singh na ɗaya, wanda ya hau gadon sarauta a 1621, ya faɗaɗa ta. An yi amfani da jan dutse da farin dutsen mabul wajen ginin.

3.2.1 Tsarin Farfajiyoyi

An kasa fadar zuwa farfajiya huɗu, kowace tana bisa ta bayanta, kuma gwargwadon hawan mutum, gwargwadon raguwar waɗanda aka yarda su shiga. Ta farko ita ce Jaleb Chowk, wadda ake shiga ta Suraj Pol, wato Ƙofar Rana, domin gabas take fuskanta. A nan mayaƙa ke taruwa. Ta biyu tana ɗauke da Diwan-i-Aam, wato zauren da sarki ke sauraron talakawa. Ta uku ta sarki ce da makusantansa, ta huɗu kuwa sashen mata ne. Ke nan tsarin ginin kansa yana bayyana matsayin kowa a masarautar.

3.2.2 Ado

A zauren Diwan-i-Aam ne aka fara ganin haɗuwar al'adun biyu. Buɗaɗɗen zaure irin wannan al'adar fadar Mugal ce, amma a kawunan ginshiƙansa an sassaƙa siffar giwa, abin da ya samo asali daga ginin Hindu. Haka abin yake a Ganesh Pol, ƙofar shiga farfajiya ta uku. An lulluɓe ta da zanen furanni irin na Mugal, sai dai a bisa mashigarta hoton Ganesh ne, abin bautar Hindu mai kan giwa. A samanta akwai tagogin dutse masu huda-huda, inda matan sarki ke kallon abin da ke gudana ba tare da an gan su ba.

A farfajiya ta uku akwai lambu mai fasalin lambunan Mugal tsakanin gine-gine biyu. Na ɗaya shi ne Sheesh Mahal, wanda aka manna wa bangonsa da rufinsa ƙananan madubai a cikin farar ƙasa, ta yadda hasken fitila kaɗan kan bazu ya cika ɗakin. Na biyu shi ne Sukh Niwas, inda ruwa ke gangarowa ta wata magudana a tsakiyar ɗaki don sanyaya iska lokacin bazara. Ƙofarsa ta itacen sandal ce da aka yi wa ado da hauren giwa.

3.2.3 Naɗewa

Dalilin wannan gauraya siyasa ne. Tun a 1562 da Raja Bharmal ya aurar da 'yarsa ga Akbar, sarakunan Amber suka zama na hannun daman Mugal, suka ɗauko salonsu ba tare da sun saki addininsu ba. Shaida a nan ita ce ɗakin bautar Shila Devi da ke dab da farfajiya ta farko. Saboda haka ba daidai ba ne a kira fadar kwaikwayo kawai. Jai Singh na biyu ya kafa Jaipur a 1727 ya mai da hedikwata can, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya Amber cikin wuraren tarihi na duniya tare da wasu ganuwoyi biyar na Rajastan.