Fitilun Dare Ke Ƙara Wa Furannin Kolombiya Daraja

A kasuwar furannin ƙawa ta duniya, tsawon kara na daga cikin abubuwan da ke yanke farashi. Tun 1920 masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa tsawon yini ne ke sa wasu tsirrai fitar da fure.

Furen kirisantimam na buɗewa ne idan dare ya yi tsawo. A Kolombiya, inda dare ke kai kimanin awa 12 duk shekara, dashe kan yi fure tun yana gajere. Don haka manoma ke kunna fitilu da dare na 'yan makonni, har kara ya miƙe.

Mai niyyar wannan noma a Nijeriya, inda tsawon dare bai bambanta sosai ba, wajibi ne ya sanya kuɗin wutar lantarki cikin lissafinsa.