Ko Kun Sani?

Kusan kashi 40 cikin 100 na wutar lantarkin Kenya daga tururin ƙarƙashin ƙasa ake samun ta. A Olkaria, kusa da tafkin Naivasha, ana haƙa rijiyoyi masu zurfin da kan kai kilomita 3, har a iske ruwan da zafin duwatsu ya tafasa. Tururin ya taso da ƙarfi ya juya injina, ruwan kuma a mayar da shi ƙasa. Ba gawayi, ba man fetur.

Tun 1981 tashar wutar lantarkin Olkaria ke aiki, ita ce irinta ta farko a Afirka. Rani da damina duk ɗaya ne a wurinta, abin da madatsun ruwa ba za su yi alfahari da shi ba. Wani sashenta ma cikin gandun dajin Hell's Gate yake, inda raƙuman dawa ke kiwo a gefen bututun tururin.