Shin Ko Kun San? Kumburin Cikin Manyan Karnuka

Shin ko kun san ƙaton kare na iya cin abincin dare lafiya lau, kafin asuba ya mutu? Aikin kumburin ciki ke nan. Iska ce ke cika tumbinsa, sai tumbin ya murɗe, mashiga da mafita duk su toshe. Daga nan ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, wani lokaci har ya ja saifa ya murɗe da ita. Awoyi kaɗan sun isa.

Ko kun san ciwon yana da zaɓe? Ya fi kama masu zurfin ƙirji irin su Great Dane da Saint Bernard da Irish Wolfhound. Binciken da Dokta Lawrence Glickman ya jagoranta a Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda aka wallafa a 2000, ya kiyasta cewa kusan huɗu cikin goma na Great Dane za su gamu da shi a rayuwarsu. Haɗarin yakan ƙaru idan uwa, uba ko ɗan'uwan karen ya taɓa yi. Binciken ya kuma kunyata wata tsohuwar shawara: ɗora kwanon abinci a kan wani abu mai tsawo, da ake cewa kariya ce, an same shi yana ƙara haɗarin.

Alamomin ba sa ɓuya. Kare zai ta kakarin amai ba abin da ke fitowa, yana dalalar da yawu, ya kasa zama ya kasa kwanciya, ciki ya yi tauri kamar ganga, dasashi ya yi fari. Nan fa masu kiwo su kiyaye: kada a ɗura masa mai yadda ake yi wa saniya mai kumburi. Hanya a toshe take, ba inda man zai bi. A ruga wurin likitan dabbobi, ko da tsakar dare ne. Masu ajiye Boerboel don gadi, da ku ake.

Ko kun san ciyarwa sau ɗaya a yini da tulin abinci na ƙara haɗarin kumburin? Gara a raba biyu ko uku, a hana karen wawura, in ya ci a bar shi ya huta kafin guje-guje.

Akwai kuma tiyatar da ake ɗinke tumbin a jikin bangon ciki. Ba ta hana iska taruwa, amma tana hana murɗewar da ke kisa. Sojojin Amurka kan yi wa karnukan aikinsu ita tun suna lafiya.