Idan Ƙwallon Mai Dabo Ya Ƙi Faɗowa

A cikin wasannin rufa-ido da ake yi a gaban mutane kusa-kusa, wasan kofi da ƙwallo yana cikin waɗanda suka fi daɗewa. Mai dabo ya kife kofi uku, ya sa ƙaramin ƙwallo ƙarƙashin ɗaya, ya ɗaga sai a ga wayam, ƙwallon ya koma ƙarƙashin wani. Seneka, masanin Rumawa na ƙarni na 1 miladiyya, ya ambaci wannan wasa a wasiƙunsa, kuma a 1584 Reginald Scot na Ingila ya bayyana yadda ake yin sa domin ya nuna wa mutanen zamaninsa cewa babu maita a ciki. Duk da wannan tsufa, wasan yakan watsa wa mai shi ƙasa a ido: ƙwallo ya ƙi faɗowa, ko ya faɗo tun lokaci bai yi ba. A Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce an karya masa asiri, ko akwai wanda ya fi shi a cikin taron. Gaskiyar maganar kuwa, kowace irin tangarɗa a wannan wasa tana da sababi da ido zai iya gani, kuma mai neman sa a tsare zai same shi a ɗayan wuri uku: kayan aiki, hannu, ko wurin da aka yi wasan.

Sai an san yadda abin yake tafiya kafin a san inda ya lalace. A tsohon salo, 'yan kallo suna ganin ƙwallo uku alhali huɗu ne. Na huɗun yana ɓoye a hannu ko a tsakanin kofi biyu da aka ɗora wa juna. Saboda haka dole a sami fili tsakanin gindin kofin ƙasa da cikin na sama, wanda zai ɗauki ƙwallon ba tare da kofin ya yi rawa ba. Idan ƙwallon ya yi girma, kofunan ba za su zauna daidai ba, mai lura kuma zai gane. Idan ya yi tauri, zai yi ƙara a jikin ƙarfe, kunne ya tona abin da aka ɓoye wa ido. Sabon salo kuma, wanda ake danganta shi ga Al Wheatley a Amurka cikin shekarun 1950, kofi ɗaya ne da aka binne mayen ƙarfe a gindinsa, ƙwallon ma da ƙarfe ko wani mayen a cikinsa. In an kife kofin sai ƙwallon ya manne a sama. In an ajiye da ɗan ƙarfi sai ya saki ya faɗo. Dukan wasan ya rataya ne a kan wannan daidaito: riƙon ya isa ya ɗauki ƙwallon, amma kada ya kai ya hana shi sakuwa.

Ƙarfin mayen ƙarfe yana raguwa da sauri ƙwarai da zarar tazara ta ƙaru ko da kaurin takarda ne, kuma a nan yawancin matsalolin suke. Ƙwallon yakan zo da rigar zare da aka saƙa masa. In zaren ya side da yawan amfani, tazara ta ragu, sai ƙwallon ya maƙale ya ƙi saukowa. Maganinsa a liƙa 'yar takarda ko ƙyalle a cikin gindin kofin, a riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya har a sami daidai. In kuwa yana faɗowa da kansa, a duba ko datti ya taru a cikin kofin, ko zaren ya sha gumi ya kumbura, ko mayen da ke cikin ƙwallon ya goce daga mazauninsa. Idan duka biyun mayen ƙarfe ne, fuska ɗaya tana ja, ɗaya tana turewa, don haka ƙwallon yana bukatar damar juyawa kafin ya kama. Wannan shi ke sa kofi ya yi aiki yanzu, an jima ya ƙi, har mai shi ya fara zargin makaru.

Yanayin Garwa yana ƙara wa wannan lissafi nauyi. Garin yana kwance a kwarin Binuwai, kuma a watannin Maris da Afrilu zafinsa yakan haura digiri 40. Mayen ƙarfe na zamani irin wanda aka fi sayarwa ba ya fara rasa ƙarfinsa sai wajen digiri 80, saboda haka ba shi ne farkon abin zargi ba. Gam ɗin da ya riƙe shi shi ke yin laushi idan an bar kofi a rana ko a cikin mota a rufe. Da hunturu kuma ƙura ce: mayen yana tsinto ƙananan ɓarɓashin ƙarfe daga turɓaya, su taru a kan ƙwallon su canza riƙonsa. Hannu ma yana bin yanayi. Tafin da hunturu ya busar ba ya riƙe ƙwallo a ɓoye, na bazara kuwa gumi ke sa shi santsi. Sai kuma abin da ake ajiye kofin a kai. Wanda ya saba da tebur mai shimfiɗa a ɗakinsa, in ya je kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa ranar Lahadi ya kife kofi a kan yashi ko tabarma mai laushi, bugun da ke sakin ƙwallon ya tafi a banza, domin ƙasar ta shanye shi.

Hanyar bincike ita ce ta bakanike mai hankali, wanda ba ya kwance inji gaba ɗaya don babur ya ƙi tashi. A canza abu ɗaya, a bar sauran yadda suke. A gwada kofin da ƙwallon sau da yawa a kan katako ba tare da wata dabarar hannu ba. In ya yi daidai, laifin ba na kofi ba ne. A sauya ƙwallo a sake gwadawa, sannan a sauya shimfiɗa. Bayan haka a ɗauki hoton bidiyo da waya daga gaba da kuma gefe, domin taron kasuwa zagaye mutum yake yi, yara kuma daga ƙasa suke kallo, inda suke hango abin da babba ba ya gani. Wani zai ce ai a sayi kofi mai tsada a huta. Amma masu wannan wasa a Indiya sun daɗe suna yin sa da ƙananan kofunan katako, suna zaune a ƙasa, kuma Penn da Teller na Amurka sun shahara da yin sa da kofunan roba da ake ganin cikinsu, ido kuma ya kasa bin su. Ƙoƙon duma da ƙwallon auduga sun wadatar ga hannun da ya horu.

Akwai masu cewa bayyana irin wannan kashe wa mutane sana'a ne. Tarihi bai goyi bayansu ba: fiye da shekara 400 ke nan da littafin Scot, wasan bai mutu ba, domin sanin akwai ƙwallo na huɗu bai sa ido ya kama shi. Wanda bayani yake cutarwa shi ne mai ce wa jama'a aljanu ke masa aiki don ya sayar musu da laya, da kuma ɗan cacar kofi uku da ke girka tebur a bakin tasha tare da abokan ƙulli masu yin kamar sun ci. A wannan caca ƙwallon yakan kasance a hannun mai juyawa ne lokacin da ake zaɓe, don haka babu kofin da za a nuna a ci. Tona irin waɗannan ba baƙon aiki ba ne a wurin Musulmi: a ƙarni na 13 al-Jaubari na Dimashƙa ya rubuta littafi sukutum kan dabarun 'yan damfara da masu siddabaru.

Wasu kuma za su ce duk da haka dabo reshen sihiri ne. Lallai malamin tafsiri Fakhruddin ar-Razi ya lissafa saurin hannu da rufe ido cikin nau'o'in abin da ake kira sihiri, kuma hukuncin yin sa magana ce ta malamai. Sai dai ko wane hukunci mutum ya bi, sanin haƙiƙanin abin riba ce gare shi. Abin da takarda ɗaya a gindin kofi take gyarawa, kuma yashi yake lalatawa, ba shi da wani iko a kan lafiyar mutum ko arzikinsa. Mai dabon da ya yarda da haka zai daina neman maƙiyi a cikin taro, ya koma ya duba zaren ƙwallonsa, ɗan kallo kuma zai iya yin mamakinsa ya tafa, kuɗinsa na aljihunsa.